Kwaɗo Biyu a Kan Sabar 'Yan Citta

Har yau idan na ji wani matashi yana cika baki wai ya ɗora wa kwamfutarsa tsarin kyauta, bai biya ko sisi ba, sai in ji raina ya ɓaci. Ba ruwana da kyautar. Tambayata ɗaya ce: in aka gano ɓaraka a cikinsa, wa zai aiko maka da faci? In ya tsaya yana susar ƙeya, sai in tashi in ba shi wuri, don na san in na buɗe baki zan sauke masa fushin da ba shi ya jawo ba. Ni na jawo shi, a Kafanchan, a shekarar casa'in da takwas, kuma dattawa biyu ne abin ya faɗa wa.

Ɗaya babana ne. Manomin citta ne daga wajen Fadan Kaje, dattijo a ikkilisiya, mutum mai ƙarancin magana. Hausarsa ta kasuwa ce da ta sujada, mace da namiji duk "kai" yake ce musu, har da ni 'yarsa. Ɗayan kuma Alhaji ne, mai sayen citta a kasuwar Kafanchan, wanda kakanninsa ma a garin aka binne su. Tun ban san kaina ba Baba ke kai masa buhu. Da garin ya kama da wuta a tamanin da bakwai, Baba ne ya kwaso matar Alhaji da 'ya'yansa a bayan a-kori-kura ya kai su ƙauyenmu, suka yi kwana tara a ɗakin da muke tara citta, suna atishawa muna atishawa. Shekarata goma sha uku lokacin. Daga nan na koma ce masa Baba Alhaji, shi kuma ba ya kirana da komai sai 'yata. Ranar da zan tafi makarantar fasaha a Kaduna, a motarsa aka ɗora akwatina.

Bayan rikicin ne su biyun suka tara manoma da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar 'yan citta. Dokarta guda ce: komai rabi da rabi. Bana shugaba Kirista, mataimaki Musulmi, baɗi a juya. In an buɗe taro da addu'ar coci, da Fatiha za a rufe. Sito kuwa kwaɗo biyu ne a ƙofarsa, mukulli ɗaya wurin Baba, ɗaya wurin Alhaji, ba a buɗewa sai dukansu suna tsaye. Baƙi suna yi mana dariya. Su yi ta yi. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ɗaga wa wani murya a ƙungiyar nan, alhali garuruwan da ke kusa da mu sun sake ƙonewa a tsakanin. Kowa kuma ya san ba takardar doka ce ta riƙe mu ba, zaman mutanen nan biyu ne a kan benci ɗaya kowace ranar kasuwa, suna ɓare gyaɗa suna zagin farashi.

Sai wata ƙungiyar agaji ta ba mu tsofaffin kwamfutoci huɗu da modem, na'urar haɗa kwamfuta da waya, ta sa aka ja mana layin waya, don mu riƙa magana kai tsaye da masu sayen citta na ƙasashen waje, ba sai ta hannun dillalan Legas ba. Wasu manoma suka fara ƙus-ƙus cewa 'yan kasuwa ba za su so abin ba, tunda in manomi ya iya sayarwa da kansa, wa zai nemi ɗan kasuwa? Amma Alhaji ne ya ba da shagon da aka jera su. Ni kaɗai na karanta kwamfuta a cikin 'ya'yan 'yan ƙungiya, don haka aka ce in dawo gida in riƙe. Uku na zama a buga saƙo ne. Ta huɗun ita ce saba, wadda ke riƙe da layin waya, ta karɓo imel ta raba wa sauran, ta kuma aika namu. Kowace safiya tana hawa layi na awa biyu zuwa wani kamfani a Kaduna. Dattawa uwa suke ce mata.

Babu komai a cikinta da aka kawo ta, sai na koma Kaduna wurin malamina na makaranta neman abin da zan ɗora mata. Ya bayyana mini cewa akwai tsarin da ake rabawa kyauta, wanda ya fi dacewa da saba, amma ba iri ɗaya ba ne. Tushen ɗaya ne, sai dai kowane rukunin mutane da nasu haɗin, kamar yadda kowace mace ke daka nata yajin. Ya ajiye mini faifan sidi biyu a kan tebur. Na farko kwafi ne, an yi rubutu a kansa da alƙalamin maka, ya sha hannu har ya yi zane-zane. Na biyu kuwa da wata mujalla ya zo, yana sheƙi, da hoto mai launi a jikinsa. Muka gwada. Na farkon baƙin allo ne da farin rubutu, sai tambayoyi kamar a gaban alƙali, ka amsa wannan ya jefo wata. Na biyun da kansa yake shiga, ya buɗe maka fure-fure da agogo a gefe.

Malam ya ce, "Ki ɗauki mummunan. Mutane da yawa ne a bayansa, da zarar an gano wata kafa da ɓarawo zai bi, suna sanarwa ta imel su aiko da faci. Wannan mai kyan, 'yan mutane kaɗan ne suka haɗa shi, ban san ko za su kai baɗi ba."

Na ce to. Na karɓi duka biyun na sa a jaka, na hau mota. Tun kafin mu wuce Kajuru na riga na yanke shawara, kuma ba shawarar malam ba ce. Ina tunanin ranar buɗewa ne, dattawa sun cika shago, in kunna musu baƙin allo da rubutu kamar tururuwa? Wa zai ce kuɗin makarantata bai tafi a banza ba? Fure nake so su gani. Shekarata ashirin da huɗu, kaina ya fi buhun citta girma.

Ai kuwa sun ga fure. Zumuntar matan coci suka zo da kayan kiɗansu, 'yan kasuwa suka kawo lemo, Alhaji ya riƙa nuna ni yana cewa, "Ga injiniyarmu nan, a motata ta tafi karatu." A ranar kuma aka yi wa uwa abin da ake yi wa duk wata dukiyar ƙungiya. Mai walda ya ƙera mata keji na ƙarfe, da allonta da madanninta duk a ciki, aka maƙala kwaɗo biyu. Da na ce akwai kalmar sirri ta babban mai iko, wadda sai da ita ake canza wani abu a cikin saba, sai suka ce ita ma a raba. Baba ya zaɓi rabinsa, Alhaji ya zaɓi nasa. Kowa ya zo ya danna da yatsa ɗaya, ɗayan ya juya baya yana kallon bango. Na yi dariya har da hawaye. Mutanen da suka ga gobara da idonsu, tsaro a wurinsu ƙarfe ne da mukulli da amintaccen mutum, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ce na san ɓarawon wannan dukiya ba ta ƙofa yake shigowa ba, ban kuma tsaya na fahimtar da su ba.

Wata biyar abin yana tafiya lafiya. Har muka sami wani mai sayen kayan yaji a Turai da ya ga samfurin cittarmu ya ce yana so, a tara masa ta kaka mai zuwa, busasshiya, tsagaggiya. Manoma suka ƙara kunyoyin shuka a gonakinsu. Baba da kansa ya ƙara fili, ya yi ta jidar ganye yana rufe shuka har bayansa ya riƙe.

Ana tsakiyar damina imel ɗin malam ya shigo. An gano wata ɓaraka a manhajar da ke karɓar saƙo, duk wanda ya san ta zai iya shiga saba ta layi ya zama mai gida. Masu mummunan faifan nan sun fitar da faci tun washegari. Ya ce in yi maza in ɗora. Bai san ba nasu na sa ba. Na nemi mutanen nawa faifan. Shafinsu yana nan yadda yake tun bara, ba a ƙara ko waƙafi ba. Na rubuta musu, saƙon ya dawo mini, babu mai wannan adireshi. Sun watse, kowa ya kama gabansa, sun bar ni da fure da agogo. Magani ɗaya ya rage, in share komai in ɗora mummunan, aikin yini biyu, a kuma rufe imel har in gama. Kafin a yi haka kuwa dole ne in tsaya gaban dattawa in ce musu abin da suka yi wa guɗa ranar buɗewa kuskure ne, kuma an gargaɗe ni na ƙi ji.

Na dai nemi a buɗe keji, amma da wace murya? "Baba, in kun sami sarari ina so in ɗan duba uwa." Kamar mai neman aron tsintsiya. Karo na farko Alhaji ya tafi Jere, motarsa ta lalace a can da kaya. Karo na biyu ya tafi gaisuwar mutuwa. Kowane karo sai in ji wani sanyi a raina, in ce ai ba laifina ba ne. A karo na uku, wata Laraba, dukansu suka zo. Baba ya taho tun daga ƙauye a kan keke, ƙafarsa duk laka. Suka buɗe kwaɗo, kowa ya danna rabinsa, suka ja benci suka zauna a bayana. Mummunan faifan yana cikin jakata, ina jin sa a cinyata. Alhaji yana ba Baba labarin yadda ya gaya wa 'yan kasuwar Jere cewa su a Kafanchan 'yarsu ke magana da Turai kafin ta karya kumallo. Baba yana murmushi, abin da ba ya yawan yi.

Alhaji ya ce, "'Yata, lafiya dai uwar take?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba Alhaji."

Na ɗauki tsumma na goge yanar gizo-gizo a bayan akwatin, na gyara agogon da ya yi jinkirin minti huɗu, na ce na gama. Suka rufe. Na gaya wa kaina cewa awa biyu kacal muke yi a layi, kuma duk duniyar nan wa ya san da wata saba a shagon citta a Kafanchan? Ban san masu neman irin wannan kafa ba sa tambayar sunan gari ba. Na'ura suke sakawa ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, inda ta ji a buɗe ta shiga.

An fara haƙar citta, duwatsu da bakin hanya duk an shanya, garin ya ɗauki ƙamshi, sai saƙon Baturen nan ya zo. Gajere ne. Ya ce ya sami wasiƙa daga adireshinmu, wai wani babban jami'i yana da dukiyar da yake so a taya shi fitarwa waje, irin wasiƙun 'yan damfara da suka ɓata mana suna a duniya. Abokan cinikinsa biyu da ya haɗa mu da su, su ma sun samu. Ya ce kada mu sake rubuto masa. Kwana biyu bayan haka kamfanin Kaduna ya rufe mana layi, suka ce daga sabarmu wasiƙun suke fita, ɗari-ɗari kowace safiya. Da aka buɗe keji na duba, ga shi nan ɓaro-ɓaro: wani ya shiga ta kafar da malam ya faɗa, ya buɗe wa kansa ɗaki a ciki, ya kwashe adireshin duk wanda muka taɓa rubuta wa. Ya fi wata guda yana ciki.

Aka kira taro a gaban sito da rana tsaka. Ban taɓa ganin zama irin na ranar ba. Ba wanda ya shirya, amma manoma suka taru a hagu, 'yan kasuwa a dama. Buhunan da aka tara wa Bature suna jibge a bayanmu har rufi. Wani daga dama ya ce wa ke zama gaban na'urorin nan kullum in ba 'yar dattijo ba? Wani daga hagu ya ce a tambayi masu 'ya'ya a Legas, su suka san irin wannan sana'a. Hayaniya ta tashi. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni.

"'Yata, kwaɗo biyu ba wanda aka taɓa. Ɓarawo zai iya shiga ta waya?"

Na ce, "Zai iya."

Wasu suka yi tsaki, wani ya ce to aljani ne ke nan. Alhaji bai kula su ba.

"Da akwai abin da za a yi a hana shi?"

Ga ƙofa ya buɗe mini, Allah ya sani. Da na ce akwai, ni ce ban yi ba, ni na zaɓi abin da ba shi da masu gyara, da an zage ni, da an kore ni, da Baba ya yi wata guda bai dube ni ba, shi ke nan. Amma na dubi fuskokin nan, na ga matan da suka yi mini guɗa, sai bakina ya ce, "Akwai. Sau biyu ina neman a buɗe mini in gyara, Baba Alhaji ba ya gari."

Ba ƙarya a cikin kalmomin, shi ya sa har yau suke ci mini rai. Kafin in rufe baki hagu ta ɗauka. Ashe! Dama sun faɗa! Da gangan ya riƙa barin gari don cinikin Bature ya lalace, a dawo ana kai wa 'yan kasuwa buhu a farashin da suka ga dama. Wani tsoho da ya ci abinci a gidan Alhaji ba sau ɗaya ba ya miƙe yana nuna shi da sanda. 'Yan kasuwa suka tashi tsaye su ma. Alhaji bai ce uffan ba. Ya dube ni, ba da fushi ba, sannan ya juya ya dubi Baba, ya daɗe yana dubansa. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ranar ba a rufe taro da Fatiha ba, ba a rufe da komai ba, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Kafin Kirsimeti ƙungiya ta rabu biyu. Aka fasa sito aka raba buhuna, dillalan Legas suka zo suka kwashe a yadda suka so, suna yi mana jaje da baki ɗaya suna dariya da ɗayan. Ni kuwa ba wanda ya zage ni. Har tausayina ake ji, wai yarinya ta yi iya ƙoƙarinta an hana ta aiki. Na koma Kaduna na sami aiki mai kyau, aikin kula da saba kuwa, kuma na iya shi, don tun daga lokacin ban sake ɗora wa na'ura wani tsari ba sai na binciki su wa ke bayansa, yaushe suka fitar da faci na ƙarshe, kuma in sun watse ina zan koma. Faci in ya fito da safe, kafin azahar na ɗora. Ana yabona a kan haka, ni kuwa yabon ɗaci yake mini.

Baba bai sake zama a bencin Alhaji ba. In ya shigo kasuwa sai ya zagaya ta layin masu doya don kada ya bi ta gaban shagon. Na ɗauka ya yarda da maganata ne, yana ganin abokinsa ya ci amanarsa, na kuma bar shi a haka shekara da shekaru. In na zo hutu na hango Alhaji, ni ma sai in canza hanya. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a tasha, ya ce, "'Yata, ya aiki?" Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka ya wuce.

Ina gida hutun Ista aka aiko cewa Alhaji ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Baba ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa ta zuwa sujada, ya fito da keke har bakin ƙofa. Sai ya jingine shi, ya zauna a kan dutsen da muke tsaga citta. Rana tana tafiya, yana zaune. Na kasa jurewa. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, faifai biyun, gargaɗin malam, da Larabar da suka buɗe mini na goge yanar gizo-gizo na ce lafiya lau. Na ce Baba Alhaji bai ci amanar kowa ba, ni ce, ya tashi ya je ya raka abokinsa.

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Ina wurin ranar Laraban. Shi ma yana wurin."

Na ce, "To, Baba, me ya sa ka daina zuwa wurinsa?"

Ya ce, "Ya dube ni a taron nan, yana jira in ce an buɗe maka. In na faɗa, kai za su ci. Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru, don kai. To da wane ido zan je in zauna a bencinsa?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Muna nan zaune har lokacin jana'izar ya wuce, sannan ya ce in shigar masa da keken.